Sai an ɗauki bidiyo za a hukunta jami'i?

Jama'ar Arewa, mu tuna watan Afrilun 2017. Lokacin zanga-zangar ɗaliban jami'ar Yamai, bidiyo ya bazu, ana ganin 'yan sanda suna jibgar wani ɗalibi. Kotu ta yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin shekara guda. Ashe ana iyawa!

To, ɗan kabu-kabun Matankari ko Geceme fa? In an tsare shi a shinge, aka karɓe mashi jikka guda ba takarda, ko aka mare shi, wa zai ɗauka? Ƙara ma, wurin abokan aikin wanda ya cuce shi zai kai ta. Sai ya haɗiye, ya ce Allah ya isa.

Kullum ana roƙonmu mu tsegunta wa jami'an tsaro motsin 'yan bindiga a bakin iyakar Najeriya. Mun yarda, 'ya'yanmu ne, suna kwana daji dominmu. Amma wanda aka wulakanta jiya ba zai kira su yau ba.

Muna son hukumomin Dogondutsi da Tibiri su faɗa mana a rediyo: ina ake kai kukan jami'i, kuma ƙararrakin da aka kai bara, ina suka kwana?