Wace farauta ce ta cancanci wahalarta?

Idan rani ya yi nisa a Damargu, an gama aikin gona, samari sukan ɗauki sanduna da karnuka su shiga daji. Daga Gangara har Tarka haka abin yake. Ni ban ce farauta laifi ce ba. Amma masu cewa yawan nama shi ne farauta, ban yarda da su ba.

Ku dubi mahalbi na gaske. Tun asuba yake fita. Ya san sawun zabo, ya san na fakara. Ya san inda iska ta nufa, don kada barewa ta ji warinsa. Yakan yi rarrafe cikin ƙarangiya har gwiwa ta yi jini. Wata rana ya dawo da zabo ɗaya tak, wata rana ko gashi babu. Duk da haka ya gwada wayonsa da na dabba, kuma baɗi in ya koma zai tarar da wasu.

To, mai mota fa? Yana korar barewa har ta faɗi don gajiya. Da dare ya haska fitila, dabba ta tsaya cak, ya halbe. Jama'a, wannan ai motar ce ta yi farauta! Irin wannan, da farin 1973 da na 1984, su suka kwashe dajinmu. Tsofaffi sun ga jimina tana yawo a daji. Yau wanda ke son ganinta sai ya tafi Kelle, wajen Gure, inda ake kiwonta cikin shinge.

A Amurka akwai talotalon daji. Wajen 1930 ya kusa ƙarewa. Aka kafa doka, aka sake zuba shi cikin dazuzzuka, yanzu ana lissafa shi da miliyoyi. Har lokacin ƙwai suna farautarsa, amma namiji suke nema. Mahalbin yakan zauna gindin itace yana kwaikwayon kukan macen, har namijin ya zo da ƙafarsa. Macen kuwa a bar ta kan ƙwanta.

Mu wannan dabara ba za ta yi mana ba, don daga nesa wa zai raba zabo da zabuwa? Zabuwa da damina take ƙwai, gurbi ɗaya wajen goma ko fiye. Wanda ya halbe ta a lokacin, garke guda ya kashe. Haka ma yaron da ya kwashe gurbi wajen kiwo, kuma mu iyaye ke soya ƙwan. Saboda haka ina ganin da zarar ruwan shuka ya sauka, a rataye bindiga, a ɗaure karnuka sai bayan kaka.

Ƙasarmu Nijar tana da dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998. Ta ce sai da takardar izini, kuma akwai dabbobin da aka hana taɓawa sam. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku je wurin ma'aikatan gandun daji a Tanut ko Belbeji, ku rubuto sunayen dabbobin nan, ku karanta wa mahalban garinku.