Me ya hana 'yan fim taɓa matsalar tsaro a Sakkwato?

Sakkwato ba ta rasa labarin da ya cancanci fim ba: ga 'yan gudun hijira daga Isa da Sabon Birni a cikin birni. Sai dai mai shirya fim da kuɗin aljihunsa bai manta da darasi biyu ba. A 2008 an ɗaure Hamisu Iyan-Tama a Kano bayan fitowar fim ɗinsa Tsintsiya. A 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirinta game da 'yan bindiga. YouTube ya sauƙaƙa isa ga masu kallo, amma bai kawar da fargaba ba. Muddin 'yan kasuwa ba su zuba jari ba, hukumomi kuma ba su sassauta ba, baƙi ne za su riƙa ba da labarin Sakkwato.