Jirgin Afienya Marar Inji

Yaranmu na Nima da Maamobi kullum suna ganin jirage na tashi daga filin jirgin saman Akra, amma in ka tambaye su wa ke tuƙawa, sai su ce Bature. Ba su san cewa an taɓa koya wa 'yan Gana tuƙin jirgi marar inji a Afienya ba, can gaba da Tema a kan hanyar Akosombo.

Shugaba Nkrumah ne ya gayyato wata Bajamushiya, Hanna Reitsch, a 1962 ta kafa makarantar. Gwanar tuƙi ce, amma kada mu ɓoye wa yara, ta yi wa Hitila aiki a zamanin yaƙi. Ta bar ƙasar bayan juyin mulkin 1966.

Cikin jiragen makarantar akwai masu kujera biyu, malami da ɗalibi, akwai kuma mai kujera ɗaya, wato Schleicher K 8. Shi ne ya fi jan hankalinmu. Rudolf Kaiser ya zana shi, ya fara tashi a 1957. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 15 ne, nauyinsa kuwa bai kai kilo 200 ba. Da igiya ake fizgar irinsa sama, kamar yadda ake jan guga, sa'an nan matuƙi ya saki igiyar. Daga nan sai ya nemi iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, ya yi ta kewaya a cikinta yana hawa. Duk wanda ya taɓa kallon shirwa da tsakar rana, ba ta kaɗa fiffike amma tana ƙara nisa, ya ga dabarar. In iskar ta ƙare, jirgin kan yi gaba wajen mita 27 kafin ya sauko mita 1.

Da can a Jamus ɗalibi shi kaɗai yake fara tashi, a kan SG 38 na 1938, yana zaune a fili ba rufi, malami na ƙasa yana kallo. Daga baya aka ga gara a fara da malami a jirgi mai kujera biyu, in hannu ya faɗa a ba yaro irin su K 8, wanda ba ya saurin hukunta mai kuskure.

To, da me aka ƙera shi? Gangar jikin bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, fikafikan katako ne, aka lulluɓe da yadi. Mai walda, kafinta, tela: wane lungu na zango ne babu su? Lissafin da ke haɗa aikinsu shi ne ya rage, kuma wannan namu ne, mu malamai. Muna roƙon kafintocinmu su daina ƙona guntayen katako marasa nauyi, su aiko mana makaranta, yara su sassaƙa ƙananan fikafikai, su jefa, su auna da tef mita nawa kowanne ya yi kafin ya taɓa ƙasa.