FILIN MAKIYAYI: Ana iya adana irin ingarma?

A wanga wata za mu yi magana bisa wani abu da ke damun masu goɗiya a ƙasar Dakoro. In aka samu ingarma na kirki, ba ya daɗewa hannun mai shi. Dillalai su taya, su wuce da shi Maraɗi ko Katsina don hawan salla, ko kuwa ciwo ya kashe shi. Shi ke nan, iri ya tafi. Mai goɗiya sai ya kai ta ga dokin da ya samu.

To, masana sun samo dabarar adana maniyyin ingarma. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce sanyayawa. In an ɗebi maniyyin, sai a gauraya shi da wani ruwa da ake haɗawa da madara da sukari da maganin ƙwayoyin cuta. Sannan a sauko da zafinsa sannu-sannu har digiri 5, don sanyin farat ɗaya yana lalata shi. Da haka yana kai kwana ɗaya ko biyu da ƙarfinsa.

Ta biyu ita ce daskarewa. A shekarar 1949 masana a Ingila sunka gano cewa gilisarin yana kare ƙwayoyin maniyyi daga ƙanƙara. A 1957, a Kanada, aka haifi duƙushin farko ta wagga hanya. Ana ɗura maniyyin cikin ƴan bututu masu kaurin tsinke, a tsoma cikin ruwan azot mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Muddin tulun bai ƙafe ba, yana shekaru. Ran da za a yi aiki, sai a narka shi cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, na rabin minti.

Amma kafin a sa wa goɗiya, dole a duba ingancinsa. Likita yakan ɗiga ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubi, ya ga yawan ƙwayoyin, da siffarsu, da yadda suke tafiya. Waɗanda ke iyo gaba sosai su ake nema, ba masu juyi wuri ɗaya ba. Bayan narkewa, in masu tafiya ba su kai wajen 30 cikin 100 ba, ba a yarda da shi. A nan ne aka gane wani abin mamaki: akwai ingarma mai kyan gani, mai gudu, amma maniyyinsa ba ya jure sanyi ko kaɗan.

Kada mu ruɗi kanmu. Aikin yana son ruwan azot a kai a kai, da likita kusa, don goɗiya tana sakin ƙwai wajen ƙarshen kwanakin neman namiji, kuma maniyyin da aka narka ba ya jira sai ƴan awoyi. Da zafin bazara na Dakoro, mai wuce digiri 40, wannan ba wasa ba ne. Amma ba abin da ya gagara ba ne: a gidan kiwon Tukunus, ƙasar Filinge, an yi irin wanga aiki ga shanun Azawak.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Na ɗaya, a zaɓi ingarma bisa ƴaƴansa: goɗiya nawa ya baye, nawa sunka haihu? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na biyu, dokin da ya yi zazzaɓi mai tsanani a hutar da shi wajen wata biyu, don sai sannan sabon maniyyi ke nuna. Na uku, in an ga kumburi ko ɗigar ruwa ga al'aurar doki ko goɗiya, a hana baye, a garzaya wurin ma'aikatan kiwo, don akwai cutar da baye ke yaɗawa. Na huɗu, a riƙe ranar baye. In goɗiya ta sake neman namiji bayan kwana 21, ba ta ɗauka ba.

Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki. Wanda ya yi sakaci wurin zaɓe ya yi asarar shekara guda. Mai karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.