Na'ura Ba Ta Wuce Tarbiyyar Mai Yi Mata Gyara

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ɗalibanmu suka mayar malamarsu, wasu ma har fatawa suke nema a wurinta.

Kwanan baya ƙanena ya nuna mini wata 'yar manhaja a kwamfutarsa mai kwaikwayon gwajin da wani masani ɗan Birtaniya, Donald Michie, ya yi a 1961. Shi Michie kwalayen ashana 304 ya tara domin buga wasan nan mai gidaje tara, wanda duk ya riga jera uku ya ci. Kowane kwali yana wakiltar wani yanayi na wasan, cikinsa da duwatsun ado masu launi, kowane launi na nufin gidan da za a saka. Sai a girgiza a zaro ɗaya. In an ci wasa, a ƙara duwatsu uku irin wanda aka zaro a kowane kwalin da aka buɗe, in an yi kunnen doki a ƙara ɗaya, in an sha kaye a cire wanda aka zaro. Shi ke nan fa, babu tsafi babu aljani.

Da farko na yi ta lallasa manhajar nan kamar wasa. Da tafiya ta yi nisa sai ga shi da ƙyar nake samun kunnen doki. Daga nan muka juya lissafin, muka riƙa ba ta lada duk lokacin da ta faɗi. Wallahi Edita, ba a jima ba ta ƙware wajen faɗuwa, domin ita ba ta san nasara ba, lada kawai ta sani.

To, jama'a, manyan ma da irin wannan gyaran ake horar da su. Kafin a fito da ChatGPT a Nuwamban 2022, sai da aka ɗauki mutane suna duba amsoshinsa suna zaɓar wadda ta fi. Abin da ya gamshe su shi aka ƙarfafa. Haka kuma a Maris ɗin 2016 kamfanin Microsoft ya saki wata manhajar hira mai suna Tay a Twitter, 'yan iska suka yi ta cusa mata zagi da kalaman wariyar launin fata, kafin ta cika kwana ɗaya aka rufe ta. Ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayata ita ce, su wa ke yi wa waɗannan na'urori gyara a kan harshenmu, tarihinmu da addininmu? Amsa mai daɗin ji tana iya samun lada alhali ƙarya ce.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilimi da malaman sakandare su nuna wa yara wannan gwaji. Ba ya buƙatar wutar lantarki. Martin Gardner ma ya kawo wani ƙarami a 1962 mai kwalaye 24 kacal. Yaron da ya horar da kwalin ashana da hannunsa ba zai ɗauki maganar na'ura kamar yankan wuƙa ba.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani malamin makaranta, Zariya.