Sharhi: Magani Kafin Tiyata a Ciwon Dajin Huhu

Ciwon dajin huhu shi ne ya fi kowane ciwon daji kisa a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ya hallaka mutane kimanin miliyan 1.8 a shekarar 2022. A da, idan aka gano ciwon bai bazu ba, tiyata ake fara yi, magani ya biyo baya. To amma sau da yawa ciwon kan dawo, domin wasu ƙwayoyinsa sun riga sun bi jini sun ɓuya inda wuƙar likita ba ta kai.

Wannan ne ya sa likitoci suka koma fara ba da maganin kashe ƙwayoyin daji, wato kemotarafi, ta ƙarin ruwa, galibi sau uku, bayan kowane mako uku, sannan a yi aikin. Maganin yana rage girman ƙarin, yana kuma farautar ɓoyayyun ƙwayoyin tun majinyaci yana da ƙarfi.

A 2014 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 15 a kan majinyata 2,385, inda aka ga masu kai shekara biyar a raye sun ƙaru daga kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. A 2022 kuma Amurka ta amince a haɗa shi da nivolumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. A gwajin da aka yi, kashi 24 cikin ɗari na waɗanda suka sami haɗin ba a tarar da ƙwayar daji mai rai a abin da aka cire musu ba. A masu kemotarafi kaɗai kuwa, kimanin kashi 2 ne.

Sai dai maganin yana da tsada, yana kawo tashin zuciya da kasala, kuma a wasu ciwon kan ci gaba har damar tiyatar ta wuce.

Babban abin damuwa a karkararmu shi ne jinkiri, domin wanda ya zo da wuri kaɗai ke cin wannan moriya. Ciwon yana kama da tarin fuka: tari, rama, da jini a majina. Don haka duk wanda ya sha maganin tarin fuka bai ga sauƙi ba, musamman mai shan taba, wajibi ne jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su tura shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Hakimai da dagatai su ma su tunatar da jama'arsu, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.