Karen gadi: horo da gyara ya fi horo da sanda

 Yau za mu taɓo wata magana da yawancinmu ke jin nauyin yin ta cikin jama'a, alhali kuwa tana nan cikin gidajenmu, wato maganar karen gadi. Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bayan sallar isha'i ya san haushin da yake ji ba daga daji yake fitowa ba, daga bayan katangar gida ko ta mangaza yake fitowa. Mai kaya na tsoron ɓarawo, albashin gardi kuma ba kowa ke iya ɗaukarsa ba, sai a nemo kwikwiyo a ɗaure. Ajiye karen ba shi ne abin da ya dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke rainonsa.

Kowa ya san shawarar da ake ba wanda ya yi sabon kare. A ɗaure shi da sarƙa kada ya ga mutane, a rage masa abinci don ya yi zafi, a riƙa dukansa don ya san mai gida, wasu har tonka suke zuba masa cikin tuwo. Mu ma wannan hanya muka bi a gidanmu, kuma mun ga ƙarshenta. Mahaifiyarmu mai sayar da atamfa ce, kayanta a gida suke kwana, kuma bayan da aka taɓa haura mana katanga sai muka samo kwikwiyo. Bai cika shekara ba, wata rana da hantsi sarƙar ta kwance, wata yarinya ƴar tallar fura ta yi sallama ta shigo, ya kama ta a ƙafa. Allah ya taƙaita, amma mun yi zirga-zirgar asibiti, mun biya kuɗin allurai, mun je gaban iyayenta muna ba da haƙuri kanmu a sunkuye. Tun zuwansa gidan bai taɓa cin karo da ɓarawo ba, sai ga shi ya ciji ƴar maƙwabta.

Da muka ba da wannan labari a shirinmu na rediyo, wani mai saurare ya haɗa mu da wani saurayi da ke bin gidaje yana horon karnuka. Mun zaci zai zo da bulala, sai ga shi da ƴar jaka cike da gutsattsarin ƙuli-ƙuli da busasshen nama. Ranar farko bai ko taɓa karen ba. Ya zauna nesa da shi yana yi mana tambayoyi: wa ke ba shi abinci, sau nawa, ina yake kwana, su wa ke shigowa gidan, yaushe yake gurnani. Lokaci-lokaci, idan karen ya dube shi bai yi haushi ba, sai ya jefa masa ƙuli ɗaya. Wata biyu ya yi yana zuwa sau biyu a mako, kuma gaskiyar magana, mu mutanen gida muka fi karen shan karatu.

Ku mata ƴan kasuwa ba ku buƙatar dogon bayani a kan wannan dabara, domin kullum kuna aiki da ita. Mai sayen da kika auna wa gero kika ƙara masa gyara, gobe rumfarki zai nufo ko da akwai rumfuna goma a gabanta. Wanda kika daka wa tsawa kuwa, ko ya biya yau, gobe ta wani layi zai bi. To haka dabba take: abin da ta yi ta samu daɗi za ta maimaita shi, abin da bai kawo mata komai ba sannu a hankali za ta bar shi. Masanin nan ɗan Amurka B. F. Skinner ya bayyana wannan ƙa'ida cikin wani littafi da ya fitar a 1938, bayan gwaje-gwajen da ya yi da ɓeraye. A nan Afirka ma, a garin Morogoro na Tanzaniya, ƙungiyar APOPO na horon wani irin gafiya da ayaba da gyaɗa, har ta iya gano nakiyar da aka binne cikin ƙasa. Ɗaya daga cikin gafiyoyin, mai suna Magawa, ya gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020. Idan ayaba ta koya wa gafiya wannan aiki, ashe sanda ba ta zama dole ga kare ba.

Yadda aikin yake ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Ana zaɓen kalma ɗaya gajera, mu « yauwa » muka ɗauka. Da zarar kare ya yi abin da ake so, misali ya zauna, nan take a ce yauwa a miƙa masa ɗan abin tauna, kafin a ƙirga biyu. Idan aka yi jinkiri har ya miƙe, to miƙewar aka saka wa, ba zaman ba. Minti 5 sun isa, sau biyu ko uku a yini, da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, domin a zafin watan Afrilu da Mayu ba karen da zai saurari kowa da rana tsaka. Ba sai an ƙara kashe kuɗi ba, daga cikin abincinsa na yini ake ɗiba. A kiyaye dai kada a ba shi abin da ke da albasa, tafarnuwa ko goro, domin suna cutar da kare, haka ma ƙashin kaza dafaffe. Idan ya ƙware, sai a rage ladar, wani lokaci a ba shi, wani lokaci yabo da shafa kai kawai.

Abubuwa biyar muka koya wa namu: zo, zauna, tsaya, bari, da kuma wurinka, wato ya koma inuwarsa ya kwanta idan an yi sallama. Kuma a nan ne amfanin horo a cikin gida yake. Kare ba a fili zai yi aikinsa ba, a ƙofar gidanka zai yi shi, inda ɗan garuwa ke shigowa da safe, almajiri ya zo da kwanonsa, ƴan talla da baƙi su yi ta shige da fice. Mai horon ya sa muka riƙa gayyato waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, karen na cikin igiya daga nesa, ana saka masa duk lokacin da ya natsu, ana rage tazarar kaɗan-kaɗan. Ya kuma tara mu duka, tun daga mahaifiyarmu har yaron shago, ya ce kowa ya yi amfani da kalma iri ɗaya. Idan uwar gida ta ce zauna, yaro ya ce kwanta, mai gida ya ɗauko takalmi, to kare ba taurin kai yake yi ba, ruɗe shi aka yi.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana shi ta wayar tarho a cikin shiri: karen da aka saba wa daɗi ba zai yi gadi ba, ɓarawo zai saye shi da tsoka ɗaya. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma mu duba da kyau. Wane kare ne ke rugawa kan naman da aka jefo ta bisa katanga, ƙosasshe ko wanda aka bari da yunwa? Karen da ya ƙoshi, aka kuma koya masa « bari » da cin abinci a kaskonsa kawai, ya fi wuyar yaudara, ko da yake ba mai iya ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari. Sannan haushi ga baƙon dare hali ne da kare ke tashi da shi, ba duka ke sa shi ba. Aikin karen gadi shi ne ya tada masu gida da maƙwabta, ba ya yaga mutum ba. Namu har gobe ba mai taɓa ƙofa da dare bai tada unguwa ba, amma da rana yara na wucewa ta gabansa yana kwance.

Duka kuwa akwai abin da yake haifarwa. A 2009 likitocin dabbobi na jami'ar Pensilbaniya a Amurka sun fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu karnuka 140. A cikin karnukan da aka doka ko aka shura don gyaran hali, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. A 2020 wasu masana a birnin Porto na ƙasar Portugal sun gwada karnuka 92 daga makarantun horo 7, suka tarar waɗanda ake hora da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun fargaba, har a cikin yawunsu an ga ƙaruwar sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tsoro. Ga kuma wani haɗari da mai horonmu ya nuna mana: gurnani gargaɗi ne. Idan ka doki kare don ya yi gurnani, ba tsoron ka cire masa ba, gargaɗin ka cire, gobe sai ya ciji ba sanarwa.

To amma a yi hattara, domin ba duk mai cewa ya iya horo ne ya iya ba, kuma ɗan kasuwa bai kamata a sayar masa da kaya cikin buhu a ɗaure ba. Kafin ku yi ciniki, ku nemi ganin karen da ya taɓa hora, ku ji daga bakin mai shi. Ku tambaye shi me yake yi idan kare ya yi daidai, me yake yi idan ya kuskure. In ya ambaci bulala, yunwa ko abin wuya mai ƙaya, ku sallame shi. Kada ku yarda ya tafi da karen wani wuri na makonni, domin ba ku san abin da za a yi masa ba, kuma zai dawo yana jin maganar mai horo, ba taku ba. Kada ku biya duka a gaba, ku yi da shi kuɗin kowane zuwa, a kuma faɗi abin da ake son gani bayan wata guda. Wanda ya yi muku alkawarin gama komai cikin mako ɗaya, romon baka ne. Wanda kuma ya ce zai koya wa karen kama mutum a gidan da ke cike da yara, masifa yake sayar muku. Masu hali su fara tun kare na ƙarami, domin watanni ukun farko su ne lokacin da ya fi saurin sabawa da mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai abin da horo ba ya maganinsa, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutane kusan 59.000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka kafin mai horo ya tako gidanku, ku kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, ku adana takardar, ku riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, likita ya kamata ya gan shi, ba mai horo ba. Kuma komai horon kare, ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi. Mu tuna cewa a gaban hukuma, ɓarnar da dabba ta yi a wuyan mai ita take.

Ga masu jin ƙyamar maganar saboda addini, malamai sun yi bayani cewa an yarda a riƙe kare don farauta, kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Aya ta 4 cikin suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka koya wa aiki, hadisi kuma ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda ba ya son ajiye kare ba wanda ya tilasta masa. Amma wanda ya ajiye, to cinsa da shansa da inuwarsa amana ce a kansa. Makiyayan Azawak da ke arewacin Tawa sun daɗe suna zaune da karnukansu a sake cikin zango, suna yi musu gadi da farauta, har irin karen ya yi suna a duniya, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerinta a 2019.

Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A gefe ɗaya ga kuɗin mai horo na ƴan makonni, da allurar rigakafi, da minti 15 a yini. A ɗaya gefen ga kuɗin asibiti, ga sammaci, ga maƙwabcin shekara ashirin da ya daina gaishe ka, ga kuma ran ɗan wani. Mu mun biya kuɗin gefe na biyu kafin mu gane na farko ya fi araha, ba ma so ku bi sawunmu. Yarinyar nan ta warke, ta ci gaba da kawo mana fura, sai dai har yanzu daga bakin ƙofa take tsayawa ta miƙo ƙwarya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da ƴaƴanmu, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.